Yadda Za Ka Killace Banɗaki a Gidan da Ba a Gama Ginawa Ba, da Taimakon Wayarka

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Birnin Kudu, ko ya bi ta Sara zuwa Gwaram da Basirka, zai ga gidajen da aka tare a cikinsu alhali gini bai ƙare ba. An rufa ɗaki ɗaya ko biyu, an sa ƙofa da taga, sauran kuma sai Allah Ya hore. Tsadar siminti da kuɗin haya ne ke sa a yi hakan, kuma babu aibu a ciki. Sai dai akwai wurin da kusan kullum ake bari a baya, wato banɗaki. An haƙa rami ko sokawe, an dasa masai na zama ko na tsugunno, amma babu ƙyaure, wani lokacin ko katangar kirki babu, sai buhu ko tsohon zani da aka rataya.

A wannan maƙala za mu yi bayanin yadda za ka killace irin wannan banɗaki gwargwadon ƙarfin aljihunka, da yadda wayar da ke hannunka za ta taimaka wajen awo, lissafi da gwaji, tun kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya.

Me ya sa abin yake da muhimmanci?

A watan Oktoba na 2022 gwamnatin tarayya ta ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta kawar da bahaya a fili, a dukkan ƙananan hukumominta 27. Birnin Kudu na cikin waɗanda suka riga sauran samun wannan shaida. Amma shaidar ba za ta ɗore ba sai idan ana shiga banɗakunan da aka gina. Banɗakin da ake hango mutum a cikinsa kuwa gudunsa ake yi. Mata da 'yan mata su ne suka fi shan wahala: sukan riƙe fitsari da bahaya har dare ya yi, wasu ma su rage shan ruwa da rana don kada buƙata ta taso. Yara kuma sai su koma bayan katanga. Baƙo ya zo, maigida ya rasa inda zai nuna masa.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A birnin Pittsburgh na Amurka akwai tsofaffin gidaje masu ɗakin ƙarƙashin ƙasa da za ka tarar da masai a tsakiyarsa, babu bango babu ƙofa. Wasu na cewa an yi su ne don ma'aikatan masana'antar ƙarfe su tsaftace jiki kafin su hau sama, wasu kuma na cewa don idan magudanar ƙazanta ta toshe ta yi ambaliya a nan maimakon cikin gida. Masu irin waɗannan gidaje a yau labule da katako suke kewaye su da shi. Mu nan ba mu cika gina ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba, amma kangon da aka tare a ciki ya gaji matsalar, har da ƙarin iska, ruwan sama da idon maƙwabta.

Mataki na 1: Gano ta inda asiri ke fita

Masu haɗa manhaja suna da wata ƙa'ida: kafin ka sa wa manhaja tsaro, fara rubuta ta ina ɓarawo zai iya shigowa. Haka za ka yi wa banɗaki. Mutane da yawa kan sayi kwano su kewaye wurin, daga baya su gane cewa daga benen maƙwabci komai a fili yake. Hanyoyin da ake tona asirin mai banɗaki huɗu ne: gani kai tsaye, inuwa a jikin labule, sauti, da ƙofar da ake iya bankowa.

Ga gwaji mai sauƙi na mutum biyu. Ƙaninka ko abokinka ya tsaya a wurin masan, sanye da kayansa, ya kuma tsuguna. Kai kuma ka ɗauki waya ka je duk inda ido zai iya fitowa: bakin zaure, tsakar gida, tagogin ɗakuna, lungun waje, kan tarin bulo ko yashi, da saman dakin idan akwai. A kowane wuri ɗauki hoto biyu, ɗaya a daidai idonka, ɗaya kuma ka ɗaga wayar sama iya tsawon hannunka, domin wanda ke da mugun nufi haka zai yi. Ja hoton kusa ka duba. Duk inda aka gan shi, wannan kusurwa ce da dole ka toshe. Idan ka gama ka goge hotunan.

Gidan maƙwabta ba za ka iya hawa ka gwada ba, sai ka yi lissafi a kalkuletar waya. A ce saman dakin ɗinsa ya kai mita 3, idon wanda ke tsaye a kai zai kai kusan mita 4.5. Katangar banɗakinka mita 2 ce, nisan da ke tsakaninku mita 4, zurfin banɗakin kuma mita 1.2. Cire 2 daga 4.5, ka samu 2.5. Raba da 4, ka samu 0.625. Ninka da 1.2, ka samu 0.75. Ma'ana yana iya gani har santimita 75 ƙasa da kan katangar, wato daga ƙirjin mai tsaye zuwa sama. Da nisan mita 8 ne, santimita 38 kawai zai gani. Wannan lissafi ne zai gaya maka ko ƙarin tsawon katanga ya isa, ko kuwa sai an yi rufi.

Mataki na 2: Awo kafin sayayya

Kada ka matse wurin don tsimin kaya. A ƙa'idar gini ta ƙasashe irin su Amurka, ana barin aƙalla santimita 38 daga tsakiyar masai zuwa bango ta kowane gefe, da santimita 53 a gabansa. Mu da muke shiga da buta, wani lokacin da bokiti, muna buƙatar fiye da haka. Faɗin mita 1 da tsawon mita 1.2 ya isa idan bahaya kawai za a yi. Idan har da wanka, nemi mita 1.2 da mita 1.8. Tsawon katanga kada ya gaza mita 2.

Masu iPhone suna da manhajar Measure a cikin wayar tun 2018, tana auna tsawo da kyamara, tana kuma da ma'aunin daidaito. A Android akwai irinta a Play Store, amma yawancinsu sai wayar tana ɗauke da ARCore na Google, kuma ƙananan wayoyi da dama ba su da shi. Ko da wayarka na yi, awon kyamara yana iya kuskure da 'yan santimitoci. Yi amfani da shi don ƙiyasi, amma abin da kafinta zai yanka ko mai walda zai haɗa, da tef za ka auna shi.

Inda waya ke aiki sosai shi ne duba ko turke ya miƙe. Sauke manhajar Bubble Level, cire rigar wayar, jingina ta da katakon, za ta nuna maka ko ya karkata. Don kusurwa ta fita daidai kuma, auna santimita 60 a gefe ɗaya, 80 a ɗaya gefen. Idan tsakanin alamomin biyu ya ba ka 100, kusurwar ta yi.

Idan ba a riga an dasa masan ba, duba alƙibla. Daga Birnin Kudu da Gwaram tana kusan digiri 67 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata zuwa arewa. Mutane da yawa sun fi son kada mai zama ya fuskance ta ko ya ba ta baya, ko da a cikin gini ne. Kamfas ɗin waya zai nuna maka, amma ka matsa nesa da rodi da kwano, domin ƙarfe na rikita shi.

Mataki na 3: Zaɓin kayan killacewa

Abu na farko, ci moriyar bangon da yake akwai. Idan masan yana kusurwar ɗaki ko ta katangar gida, gefe biyu kawai za ka rufe. Ga zaɓuɓɓukan, daga mafi sauƙin kuɗi zuwa mafi tsada:

*Labule ko tamfol.* Wannan na banɗakin da ke cikin ginin da aka riga aka rufa. Ɗaura waya mai kauri ko bututun ƙarfe daga bango zuwa bango, ka rataya tamfol mai duhu. Kafin ka saya, kunna tocilar waya ka manna a bayansa; idan haske ya ratso, inuwar mutum ma za ta fito. Naɗe ƙasansa ka zura guntun rodi don iska ta daina ɗaga shi, ka bar shi ya ɗan ɗara bangon ta kowane gefe. Ba ya tare sauti, ba ya kulluwa, don haka na wucin gadi ne.

*Zana.* Ita ce makewayin iyaye da kakanni, kuma ana samunta a kasuwannin ƙauye bayan kaka. Tana shan iska, ba ta tara zafi. Aibinta shi ne ƙananan ramuka, gara da wuta. Ninka ta biyu, ko ka liƙa buhu ta ciki. Ka ɗan ɗaga ta daga ƙasa don kada ta sha ruwan wanka, kuma ka sa a ranka za ka sabunta ta bayan damina ɗaya ko biyu.

*Kwano a kan katako.* Wannan ne ya fi dacewa da yawancin masu kango. Kafa turaku a kusurwoyi da gefen ƙofa, ka gitta katako uku, sama, tsakiya da ƙasa, sannan ka buga kwanon a tsaye, kowane falle ya hau kan ɗan'uwansa. Shafa wa ƙasan turakun baƙin mai saboda gara. A inda ƙasa ke da dutse, kamar wasu sassan Birnin Kudu, ko a kan daɓen siminti, ba sai ka haƙa ba: sa turken a tsohon bokitin fenti ka cika da kankare, sannan ka ɗaure samansa da bango. Idan tsohon kwano za ka saya, ɗaga shi ka kalli rana, ramukan tsofaffin ƙusoshi za su bayyana. Toshe su da faci irin na masu gyaran rufi. Kada ka raina iskar farkon damina da ke tasowa daga gabas, domin kwanon da ba a tokare ba tana iya fizge shi ya sari wani. Lanƙwasa bakinsa mai kaifi saboda yara.

*Bulo.* Shi ne na dindindin, kuma shi ya fi tare sauti. Bulo mai inci 6 ya isa, kusan guda 10 ke rufe murabba'in mita ɗaya. Misali, banɗaki mai mita 1.2 da 1.8 a kusurwa: bango biyu sun kama mita 3, cire santimita 75 na ƙofa, saura mita 2.25. Ninka da tsawon mita 2.1, ka samu kusan murabba'in mita 4.7, wato bulo 47. Ƙara uku saboda karyewa, ka sayi 50. Amma ka kiyaye: kada a ɗora bulo a kan murfin sokawe ko a bakin ramin masai da ba a gine cikinsa ba. Nauyin na iya rufta shi, musamman idan ƙasa ta jiƙe a watan Agusta. Bari magini ya duba inda tushe zai zauna, ka kuma tabbata bangon ya dace da taswirar gidan don kada a rushe shi nan gaba.

Farashin kaya na sauyawa, don haka buɗe Google Sheets ko Excel a waya, ka yi layuka uku: sunan kaya, adadi, farashin ɗaya. Kira masu shago biyu ko uku ka cike. Ka haɗa da kuɗin aiki da na dako, sannan ka raba jimillar da shekarun da kayan zai yi. A nan za ka ga cewa wani lokacin mai arahar shi ne mai tsadar.

Wata dabara da tsofaffin magina suka sani: kada ƙofar ta kalli tsakar gida ko zaure. Idan babu yadda za a yi, sa ɗan shinge a gabanta, da tazarar kusan santimita 80, yadda mai shiga zai yi kwana. Ko ƙyauren a buɗe yake ba za a hango ciki ba.

Mataki na 4: Kada ka toshe iska

Da zarar ka kewaye wurin ka rufa shi, wari da zafi za su taru. Bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakanin kan bango da rufi, ka sa raga. Tana sama da kai, ido ba ya kaiwa, iska kuma na wucewa.

Idan masan rami ne, sa masa bututun shaƙar iska mai inci 4, ya fito daga ramin ya zarce rufi da kusan rabin mita, a ɗaure bakinsa da raga. Wannan fasaha Peter Morgan ne ya ƙirƙiro ta a Zimbabuwe a shekarun 1970. Iskar da ke wucewa ta saman bututun tana zuƙo warin daga rami, ƙudaje kuma su bi hasken da ke saman bututun su maƙale a raga. Tana aiki ne idan cikin banɗakin ya ɗan yi duhu kuma ba a toshe bakin ramin ba. Hanya ta biyu ita ce masan roba na SATO, mai murfin da ke buɗewa idan an zuba ruwa kaɗan ya kuma rufe da kansa. Idan kuwa masai ne na zama, ruwan da ke kwance a ƙasansa shi ke tare warin sokawe. Idan an daɗe ba a shiga ba yakan ƙafe da zafin bazara, sai ka zuba buta ɗaya.

Mataki na 5: Fitila

Inda ka sa fitila shi ke nuna ko inuwarka za ta fito. Idan mutum yana tsakanin fitila da labule, siffarsa gaba ɗaya za ta bayyana a waje. Don haka sa fitilar a saman ƙofa ko ta ɓangaren labulen, tana haska ciki.

Kada ka ja wayar lantarki tsirara zuwa wurin da ake jiƙa ƙasa da ruwa. Ƙaramar fitila mai sola ta fi aminci. Nemi wadda aka rubuta PIR a kwalinta, wato mai jin ɗumin jikin mutum idan ya motsa ta kunna kanta, da kuma IP65, alamar tana jure ƙura da feshin ruwa. Abu biyu za ka lura da su. Na ɗaya, irin wannan fitila kan mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi idan mutum bai motsa ba, don haka zaɓi mai barin ɗan haske a kunne. Na biyu, idan banɗakin na da rufi, sayi wadda farantin solarta ke da doguwar waya, ka ɗora shi a sama, ka riƙa goge ƙurar hunturu.

Mataki na 6: Ƙyaure, sakata da wurin ajiye waya

Ƙyauren kwano a kan firam ɗin katako ya wadatar. Sa sakata ta ciki a inda yaro zai kai. Tazarar ƙasan ƙyauren kada ta wuce santimita 5, gefen hinji kuma a buga masa tsinken katako ko guntun roba, domin ta nan ne aka fi leƙe. A gidan da akwai tsoho ko mara lafiya, gara ƙofar ta buɗe ta waje, saboda idan ya faɗi a ciki jikinsa ba zai tokare ta ba.

Buga ƙusoshi biyu na rataye kaya, da ɗan katako na ajiye waya nesa da bakin rami. Idan tsautsayi ya sa waya ta faɗa masai ko sokawe, a haƙura da ita. Iskar da ke cikin ramin na sumar da mutum cikin ƙanƙanin lokaci, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. Ka riƙa adana lambobinka da hotunanka a asusun Google ko iCloud, sai asarar ta tsaya a kan ƙarfen wayar.

Mataki na 7: Kyamara

Masu gini da yawa yanzu suna sa ƙananan kyamarorin tsaro masu haɗuwa da waya don gadin siminti da rodi. Idan iyali suka tare, buɗe manhajar ka duba abin da kyamarar ke ɗauka. In banɗaki ko hanyar zuwa gare shi na ciki, juya ta. Wasu suna da tsarin rufe wani yanki na hoton da baƙi, amma mai juyawa da kanta gara a sauya mata wuri gaba ɗaya. Canza kalmar sirrin da ta zo da ita, ka kuma cire duk wanda ka ba damar kallo lokacin aikin gini.

Idan banɗakin haɗaka ne, kamar na gidan haya ko na shaguna, kana iya dubawa. Kashe fitila, ka haska bango da rufi da tocila a hankali. Gilashin kyamara yakan maido da ɗan ƙyalli. Kyamarorin dare kuma suna fitar da hasken da ido ba ya gani, amma wasu wayoyin na kama shi, musamman da kyamarar gaba. Gwada da rimot ɗin talabijin: danna shi a gaban kyamarar, idan ka ga ɗigon haske a allo, wayarka za ta iya aikin. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu. Wanda ya ga irin wannan na'ura ya ɗauki hotonta a inda take, ya kira shaida, ya kai ƙara wurin 'yan sanda.

Gwajin ƙarshe

Idan aiki ya kammala, jira dare. Kunna tocilar waya ka ajiye ta a cikin banɗakin, ka rufe ƙofa, ka zagaya waje. Duk inda haske ya tsirto, ido ma zai iya shiga. Yi masa alama da alli ka toshe da safe. Sannan kunna rediyo a wayar da matsakaicin sauti, ka je inda ake zama a tsakar gida ka saurara. Idan ana ji sosai, liƙa tabarma ko tsohon kafet a jikin kwanon ta waje inda ruwa ba ya kaiwa, ko ka matsar da wurin zaman.

Daga ƙarshe, tambayi matan gidan ko hankalinsu ya kwanta da shi. Su ne suka san kusurwar da kai ba ka lura da ita ba. Idan suna shiga da rana tsaka ba tare da sun sa wani gadin ƙofa ba, aikinka ya yi. Idan kana da ɗan'uwa ko aboki da ke shirin tarewa a gidan da ba a gama ba, tura masa wannan bayani kafin ya kwashe kaya.